Daga Lalle Zuwa Jan Farce

Daren jajiberin Salla dare ne da mata ba su cika samun barcin kirki ba a ƙasar Hausa. Bayan an gama aikin abinci, an kife tukwane, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗauko ƙwaryar lallen da aka kwaɓa tun da rana. Wannan ta ƙunsa wa waccan, waccan ta ƙunsa wa 'yarta, har a kai ga 'yar ƙaramar da ta ke ta kuka wai ita ma sai an sa mata, ko da a yatsa ɗaya ne. Kowacce ta kwanta da hannu a naɗe, ba dama ta yi susa, ba dama ta kori sauro. Da asuba a kwance, a wanke, a fito gaban haske ana gwadawa a ga na wa ya fi kamawa.

Wannan abu da a ke gani kamar wasan mata yana da tarihi mai tsawo, ya kuwa ratsa ƙasashe da yawa. Duk dabarar da 'yan Adam suka taɓa yi don su sa wa farce launi, in an bi ta a hankali, za a tarar iri biyu ce. Akwai rini, wanda ya ke shiga cikin jikin farcen ya zauna. Akwai kuma fenti, wanda ya ke tsayawa a bisa, ya bushe, ya yi ɓawo. Lalle rini ne, jan farce na kwalba kuwa fenti ne. Lalle ya girmi jan farce da shekaru dubbai, amma a cikin shekara 100 kawai fentin ya gama duniya, har ya kori rinin daga wurare da dama. A gidajen Hausawa bai iya korarsa ba, dalilin kuwa yana cikin wannan bambanci.

Kula da farce tsohuwar sana'a ce. A Sakkara, kudu da Alƙahira, akwai wani kabari da wani masani mutumin Masar, Ahmed Moussa, ya gano a 1964. Na mutum biyu ne, Niankhkhnum da Khnumhotep, waɗanda suka rayu wajen shekara 2,400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, a zamanin wani Fir'auna mai suna Nyuserre. Sarautar da aka rubuta musu a bango ita ce shugabannin masu gyaran farce na fada, watau kamar yadda a ke da Sarkin Aska a fadar sarakunan Hausa. Girman kabarin da irin zanen da aka ƙawata shi da shi sun isa su nuna ba ƙananan bayi ba ne. Da aka buɗe gawar Fir'auna Tutankhamun a 1925, an tarar kowane yatsa nasa, na hannu da na ƙafa, an sa masa kube na zinariya, maƙerin bai manta ya zana farce a kan kowane kube ba. Mutanen Masar na dā sun san lalle kuma. Sa'ad da aka kai gawar Fir'auna Ramsis na Biyu birnin Paris a 1976 don a yi mata maganin ruɓa, masu bincike sun sami alamar lalle a gashin kansa.

Shi dai lalle ɗan itace ne mai son zafi, mai jure fari, shi ya sa a kan dasa shi a shinge ko a bakin fadama a bar shi. Ganyensa ƙanana ne, furensa yana da ƙanshi ƙwarai. Wani masanin tsire-tsire na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya sa masa sunan Lawsonia a 1753, don girmama wani likita abokinsa, Isaac Lawson. Larabawa suna ce masa hinna'u. Amma sunan da Hausawa su ke kiransa da shi bai yi kama da na Larabci ba sosai, ya fi kusa da na Buzaye, waɗanda su ke cewa anella. Barebari suna cewa nalle, Fulani nalli, Yarbawa kuma laali. Masu nazarin harsuna suna ganin kalmar ta biyo ayarin raƙuma ne daga hamada, Hausawa suka karɓa, fatakensu kuma suka kai ta kudu. Akwai shaidar rubutu da ta goyi bayan tsufan lalle a wannan yanki. Al-Bakri, malamin Andalus da ya rubuta littafinsa na ƙasashe a 1068, ya ambaci yawan itatuwan lalle a Audagust, wani birnin ciniki da kufansa ya ke cikin ƙasar Muritaniya ta yau. Ke nan ya kusa shekara 1,000 ana noman lalle a bakin hamada ta kudu.

Ba lalle kaɗai matan dā suka yi rini da shi ba. Baturen nan Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga mata suna shafa shuni a gashi da hannuwa da ƙafafu. Kwalliyar shuni a jiki ta ja baya tun da daɗewa, ta lalle ce ta tsaya. Addini ya taimaka mata, domin a cikin littattafan hadisi, kamar na Abu Dawuda da na Nasa'i, akwai ruwayar da ta ke nuna an so mace ta rina faratanta da lalle, don hannunta ya bambanta da na namiji.

To, yaya ganye kore ya ke ba da ja? A cikin ganyen akwai wani sinadari da masana su ke kira lawson. Farce kuwa, da gashi, da fatar bisa ta jikin mutum, duk an gina su da wani abu guda mai suna keratin, shi ne kuma abin da ƙahon sa da kofaton doki su ke da shi. In lawson ya gamu da keratin sai ya kama shi ƙam, wanki ba ya raba su. Inda keratin ya fi kauri nan lalle ya fi kamawa, shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa da farata su ke yin ja sosai, bayan hannu kuwa ya yi dishi-dishi.

Duk abin da tsofaffi mata su ke yi wajen ƙunshi yana da dalilinsa, ko da ya ke ba da wannan harshe za su bayyana shi ba. Su kan shanya ganyen a inuwa, don rana tana cinye ƙarfinsa. Su daka, su tankaɗe, su kwaɓa da ruwa, waɗansu su matsa lemon tsami ko su jiƙa tsamiya, domin tsami yana taimakon ganyen ya saki rininsa. Sa'an nan su ajiye shi ya tsima na 'yan sa'o'i. Da an shafa, abu uku ya ke bukata: danshi, da ɗumi, da lokaci. In ya bushe a hannu ya daina aiki. Wannan ne ya kawo naɗewa da ganye da tsumma, daga nan kuma kalmar ƙunshi ta samo asali. Wannan ne kuma ya kawo zunguru, dogon ƙwaryan nan da mace ta ke zura hannunta a ciki har gwiwar hannu, ta yi ta harkokinta da ɗayan, lalle yana can yana aikinsa bai ɓata mata zane ba. Yanzu leda ta maye gurbin ganye da zunguru a birane. Tana riƙe danshi fiye da su, sai dai ta kan sa zufa, zufa kuma ta kan narkar da zane ya caɓe. A lokacin hunturu lalle ya kan yi nauyin kamawa, don haka a kan kusanci wuta.

Marar haƙuri ta kan ɓata rai da safe in ta ga hannunta ya fito ruwan goro fayau. Ba ta san aikin bai ƙare ba. Iska ce ta ke ƙarasa shi, cikin kwana 2 sai launin ya nuna, ya koma ja mai duhu. Mai son ya fi haka duhu sai ta maimaita ƙunshi dare biyu ko uku a jere. Waɗansu kuma su kan bi shi da toka da aka gauraya da wani abu mai warin amoniya, ya mai da jan ya zama baƙi.

Na fata ba ya daɗewa. Fatar mutum kullum tana zubar da ta bisa tana sake sabuwa, saboda haka cikin mako 2 ko 3 ƙunshi ya koɗe. Farce kuwa ba ya sāɓa. Inda lalle ya kama shi, nan zai zauna har sai tsiron farcen ya turo shi baki an yanke. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, watau wajen faɗin ƙwayar dawa ɗaya, ya kan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta duka. Na babban yatsan ƙafa ya fi nawa, ya kan kai shekara ko fiye. Saboda haka bayan 'yan makonni sai a ga wani farin baka ya ɓullo a gindin farce kamar jinjirin wata, yana ƙara faɗi, jan yana matsawa gaba. Tsohuwa mai lura tana iya duban hannun amarya ta faɗi kusan watan da aka kai ta ɗaki.

Hannun mace dai ya kan ba da labarinta tun ba ta buɗe baki ba. A bikin budurwa, kamu da sa lalle su ne farkon shagali, a dā kuwa a wurare da yawa amarya ta kan yi kwana 7 a lalle, ango ma ya shiga nasa. In an ce an sa wance a lalle, magana ta ƙare, ba sauran mai nema. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi ta ambaton lalle a duk inda ta zo kan zancen aure. Mai jego ta kan yi ƙunshi don suna. Mai takaba kuwa shari'a ta hana ta, har sai ta cika wata 4 da kwana 10, hannunta fari fat yana sanar da kowa halin da ta ke ciki.

Ƙunshin dā ba shi da zane mai yawa. A rufe tafin ƙafa da gefenta, a rufe tafin hannu, a tsoma kan yatsu har gaɓar farko. Mai son ado sai ta naɗa zare a yatsa kafin ta shafa, inda zaren ya bi ya fito fari. Da salatif ya shigo kasuwa sai mata suka ga ya fi zare, suka riƙa yanka shi da reza, dara-dara da aska-aska, suna mannawa a fata da farce, su shafe da lalle, in an ɓare zane ya bayyana. Zanen fulawa ya zo daga baya, ta hanyar alhazai da masu zuwa Sudan, da kuma finafinan Indiya. Shi ba a ƙunsa shi, zuba shi a ke yi da ɗan ƙunshin leda mai tsinin baki. Lallen da ya ke zuwa daga Indiya kuwa, mafi yawansa a wajen garin Sojat a ke nomansa, a jihar Rajastan.

Can gabas mai nisa, inda sanyi ba ya barin lalle ya yi kyau, mata sun samo wata hanya. A ƙasar Sin da Koriya akwai wani fure na lambu, balsam, da a ke dakawa tare da alif, a ɗora a kan farce, a naɗe da ganye, a ɗaure da zare, a kwana da shi. Wani marubucin Sin mai suna Zhou Mi ya bayyana wannan aiki a ƙarni na 13, har ya ce matan Musulmi da ke zaune a ƙasar suna sonsa ƙwarai. Abin mamaki, da masana suka bincika furen nan sai suka tarar lawson ne a cikinsa, shi dai sinadarin da ke cikin lalle. Yarinya a ƙauyen Koriya da yarinya a ƙauyen Katsina, ba wadda ta san da wata, amma rini ɗaya su ke kwana da shi a yatsa. Manyan matan fadar Sin sun ƙara da tara farce. Sarauniya Cixi, wadda ta rasu a 1908, ta bar na ƙananan yatsunta sun yi tsawo ainun, tana sa musu kube na zinariya da duwatsu masu daraja. Ma'anar wannan a fili ta ke: mai irin wannan hannu ba ta daka, ba ta wanki, yi mata a ke yi.

Matan Turai kuwa, har ƙarshen ƙarni na 19, ba su cika rina farce ba. Abin da su ke so shi ne ya yi tsabta, ya yi ƙyalli, sai su goge shi da garin hoda da tattausar fata. Wata mace mai suna Mary Cobb ta buɗe shagon gyaran farce a birnin Niyok na Amurka a 1878. A 1911 wani mai haɗa magunguna, Northam Warren, ya fito da ruwan da ya ke tausasa fatar gindin farce, ya sa masa suna Cutex, don mace ta yi wa kanta gyara a gida ba sai ta je shago ba. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya fara sayar da ruwan shafawa mai ɗan launi kaɗan.

Asalin jan farce na sosai kuwa yana wurin da ba wanda zai zata, watau wurin albarushi da fentin mota. A 1846 wani masani Bajamushe, Schönbein, ya gano cewa in aka jiƙa auduga da wani irin asid mai ƙarfi, ta kan zama abu mai fashewa. Aka yi ta amfani da wannan audugar albarushi a yaƙi. An kuma gano cewa in aka rage mata ƙarfi, aka narkar da ita a ruwa mai saurin tashi, aka shafa a kan abu, ruwan ya kan bi iska ya bar wani ɓawo siriri mai ƙyalli. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare a 1918, masana'antun da suka saba yin ta suka shiga neman mai saye. Kamfanin DuPont na Amurka ya yi fentin mota da ita, mai suna Duco, aka fara fesa wa motoci wajen 1924. Kafin nan fentin mota ya kan ɗauki makonni bai bushe ba, wannan kuwa cikin sa'o'i ya bushe. Masu kayan kwalliya suka ce abin da ya yi wa ƙarfe zai yi wa farce. A 1932, ana tsakiyar karayar tattalin arziki a Amurka, wa da ƙane, Joseph da Charles Revson, tare da wani abokinsu Charles Lachman, suka kafa kamfanin Revlon da jarin dala 300. Nasu jan farcen yana da kauri, yana rufe farce ruf, launinsa kuma iri-iri ne. Har yau audugar albarushin nan ita ce ginshiƙin mafi yawan jan farcen da ke kasuwa. Saboda haka shi da asiton, ruwan da a ke goge shi da shi, duk masu kama wuta ne, kada a buɗe kwalbarsu kusa da fitila ko risho.

Yayin da aka fara yi da shi a Amurka, tsakanin 1920 da 1940, yana da ban dariya ga wanda ya san lalle. Mace ta kan zauna da ɗan buroshi, ta bi a hankali, ta fente tsakiyar farce, ta bar farin baka a gindi da gangan. Abin da tsiron farce ya ke yi wa mai lalle kyauta bayan wata guda, shi ta ke wahalar zanawa.

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo juna. A 1954 wani likitan haƙori a Filadelfiya, Fred Slack, ya karya farcensa yana aiki, ya gyara shi da abin da a ke cike haƙori, daga nan farcen roba ya samo asali. Wajen 1975 Jeff Pink, mai kamfanin Orly, ya yayata kwalliyar farin baki da ruwan hoda a jiki, don 'yan wasan fim su huta da sake fenti duk sa'ad da suka sake tufafi. An sa mata sunan Faransa, amma a Amurka aka haife ta. A wannan shekara kuma wata 'yar wasan fim, Tippi Hedren, ta ziyarci wani sansanin 'yan gudun hijira na Biyetnam a jihar Kalifoniya. Ta lura matan suna ta kallon faratanta, sai ta kawo mai yi mata gyara ta koya wa mata 20 sana'ar. Su suka koya wa 'yan'uwansu, har mutanen Biyetnam suka zama su ne mafi yawan masu wannan sana'a a jihar, farashi ya sauko, abin da ya ke na masu kuɗi ya zama na kowa. Sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe shaguna a 2020, sai matan can suka koma gida suna yi wa kansu: su shafa siriri sau biyu, su bari ya bushe tsakani, su yi ɗigo-ɗigo da tsinke, su ja layi da salatif. Dabarar salatif ɗin ba baƙuwa ba ce ga mai ƙunshi a Kano ko Damagaram.

Jan farce ya shigo ƙasar Hausa tare da sauran kayan kanti, su hoda da jan baki da turaren kwalba. Yana da abubuwan da ya fi lalle da su, ba gardama. Ba ya bukatar kwana, cikin minti kaɗan ya bushe. Yana da shuɗi da kore da ruwan zinariya, lalle kuwa bai san komai ba sai ja. In ya gundure mace ta goge shi yau, lalle kuwa sai ta jira watanni. Duk da haka ya tarar da shinge a gabansa, watau alwala. Sharaɗi ne ruwa ya taɓa duk inda aka wajabta wankewa, farce yana ciki, in wani wuri ya tsira an bar lam'a. Lalle, bayan an wanke ganyen, launi ne kawai ya rage, ba shi da jikin da zai tare ruwa, don haka malamai ba su ga laifinsa ba. Jan farce kuwa ɓawo ne, an ma yi shi ne musamman don kada ruwa ya ratsa shi. Mace mai salla sau 5 a yini ba ta iya shafawa da gogewa sau 5. Waɗansu sai suka mai da shi kwalliyar kwanakin da ba su salla, amma wannan ma da nasa cikas, domin ya zama kamar shela ce ga duk wanda ya dubi hannunsu, a ƙasar da a ke jin kunyar irin wannan magana. A 2009 wani kamfanin ƙasar Polan, Inglot, ya fito da wani iri da ya ce iska da danshi suna ratsa shi, matan Musulmi a ƙasashen waje suka yi ta saye. Malamai sun rabu a kansa, da yawa suna cewa ratsawar danshi daban, wankewa da ruwa daban.

Farcen roba ya fi fuskantar wuya. Yanke farce yana cikin sunnonin tsabta, an kuma iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40. Hannun da ya ke tuƙa tuwo, ya mulmula fura, ya ba yaro abinci a baki, ba ya jituwa da dogon farce, na roba ne ko na jiki, domin ƙarƙashinsa maɓoyar ƙwayoyin cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na wanke hannu na 2009, ta ce masu jinyar marasa lafiya kada su sa shi. Haka kuma almakashi da reza da a ke yi wa mutum goma aiki da su ba a dafa ba, suna iya ɗaukar ciwon hanta daga jinin wani su kai wa wani. Gidan da kowa ya ke da abin yankan farcensa ya tsira daga wannan.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da aka kira lalle lafiya ne. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi wuluk cikin rabin sa'a. Abin da ya ke yin haka shi ne dayis, rinin gashi ne mai ɗauke da wani sinadari da a ke taƙaita sunansa da PPD, ba a kuwa yi shi don fata ba. Waɗansu mata ya kan ƙone su, zanen ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo daidai siffar fulawar da aka zana. Mafi muni, jikin da ya taɓa ƙinsa ba ya mantawa, ko bayan shekaru ne in ya sake gamuwa da shi a rinin gashi sai ciwon ya tashi fiye da na farko. Likitocin Hartum, inda aka daɗe ana gauraya shi da lalle, sun rubuta labarin yara da mata da ya kumbura wa maƙogwaro, ya lalata musu ƙoda, waɗansu har suka rasu. Shi kansa lallen gargajiya yana da wanda bai kamata a sa wa ba. Akwai wani rashi a jini da a ke gado, likitoci suna kiransa ƙarancin G6PD, yana da yawa a Afirka ta Yamma, ya fi kama maza. Jaririn da ya ke da shi, in aka shafe jikinsa da lalle, lawson ya kan ratsa fatarsa mai laushi ya farfasa masa jini, idonsa ya yi rawaya. Ba a gane mai wannan rashi da ido, saboda haka ƙunshin suna na mai jego ne, a bar jariri da fatarsa.

A yau mai ƙunshi a birni ta zama mai sana'a sosai, ana kama layi a ƙofarta tun kwana 3 kafin Salla, a cikin kayan aikinta akwai lallen gida, da na Indiya, da salatif, da dayis, wani lokaci har da kwalaben jan farce don 'yan yara da ba su fara salla ba. Amma ko an yi wa mace fulawa har gwiwar hannu, in an zo kan farata ja na lalle ta kan nema. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba kwana wajen 70 ne, farce kuwa a wannan tsakani ya tsiro kamar milimita 7. Don haka a daren jajiberin Layya, sa'ad da aka sake ɗauko ƙwarya, a kan tarar jan Ƙaramar Salla ya kai rabin farce, sabon lallen ya hau kansa, bakin farcen ya fito ya fi gindinsa duhu.